Akwatin Baba Altine da Wayar da Na Juya

Ni ne mai laifi a wannan labari, gara in faɗa tun farko don kada wani ya tsaya neman wanda za a ɗora wa. Na yi shekaru masu yawa ina gyaran rediyo da kaset, na manta yawancin motocin da suka bi ta hannuna. Amma ranar da na tsaya a teburin mai shayi na tashar Bodinga na ɓata sunan Baba Altine kafinta, wannan ranar ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku da kuke riƙe da sana'ar yanzu nake rubuta wa, musamman masu saurin hannu da saurin baki irina.

Abin ya faru ne a zamanin mulkin farar hula na biyu, lokacin da aka shiga tsuke bakin aljihu, kayan ƙasar waje suka yi wuya. Sunana Mani, amma Mani Rediyo ake ce mini. Karatuna bai wuce firamare ba, sana'ar kuwa a Sakkwato na koye ta wajen wani maigidana. Ina da 'yar rumfar kwano a gefen tasha. Kayan aikina su ne sukudireba, filaya, ƙarfen dalma da nake zafafawa a gawayi, sai kwali cike da matattun rediyoyi. Sabon kayan gyara babu shi a kasuwa, in ma ka samu ba ka iya taɓa shi. Don haka daga jikin matacciyar rediyo muke ciro abin da za mu raya mai ciwo.

A lokacin direbobin hanyar Bodinga zuwa Shagari sun haukace da sa kaset a mota. Fasinja ma sun koyi zaɓe. Mota biyu na lodi, sai ka ga an cika wadda kiɗa ke tashi a cikinta, ɗayar tana nan tana jira. Abin da direba ke nema shi ne bes, wato kaurin sauti, irin wanda in an doki babbar ganga kake jin sa a ƙirjinka. Ita kuwa lasifika ba ta ba da wannan sauti in tana tsirara. Sai an yi mata akwatin katako a rufe ruf, yadda iskar da ke ciki za ta tokare takardar lasifikar daga baya.

Nan Baba Altine ya shigo. Dattijo ne mai farar gemu, ba shi da yawan magana, rumfarsa tana bayan tasha kusa da masu faci. A da gadaje da kabad na amare yake yi. Da zamani ya matse, mutane suka koma gyara tsofaffin gadajen iyayensu, aikinsa ya tsaya cik. Akwatin lasifika ne ya dawo da hayaƙi a murhun gidansa. Shi ya ƙirƙiro wani dogo siriri mai rami biyu, wanda ke shiga bayan kujerar a-kori-kura daidai. Sarkin tasha, Alhaji Tukur, wanda shi ke tsara lodi kuma shi direbobi ke ji, ya ce a yi wa motoci biyar irinsa. Amma ya ce a fara gwada wani daban a motar Arzika, in ya yi kyau a ɗauki biyar ɗin.

Arzika direba ne mai a-kori-kura fara, mutumin Lambara, bakinsa ba ya hutawa ko yana cin abinci. Ya samo kaset ɗan gwanjo da lasifika biyu wajen wani ɗan'uwansa. Baba Altine ya yi akwatin, ni kuma aikina in ja waya in haɗa.

Ga yadda ƙa'idar take, don wanda bai san sana'ar ba. Kowace lasifika tana da ƙafa biyu, ta ja da ta baƙi. Dole jar waya ta tafi ƙafar ja a dukansu biyun, don in kiɗa ya doka, takardunsu su turo waje tare, su koma tare. In babu waya mai launi biyu, akwai gwajin da maigidana ya koya mini tun makon farko. Ka ɗauki batirin tocila ɗaya, ka taɓa wayoyin a kansa, ka duba ko takardun biyu sun motsa gefe ɗaya. Aikin bai kai tsawon shan kofin ruwa ba.

Ranar ba ni da waya mai launi biyu. Wata farar waya na warwaro daga tsohuwar fanka, duk kamarsu ɗaya. Kuma ana kokawa a Danchadi da yamma, motar da za ta kai mu tana ta hon. Na dubi batirin tocila a kan teburina, na ce a raina ai hannuna ya saba. Na haɗa, na liƙe da dalma, na kunna a hankali na ji murya ta fito, na ce wa Arzika aiki ya yi. Na rufe rumfa na ruga.

Kwana biyu sai ga Arzika da safe, ya taka birki a gaban teburin mai shayi, inda direbobi da 'yan lodi suka cika benci. Sarkin tasha na nan, Baba Altine ma yana gefe da kofinsa.

"Mani Rediyo!" in ji Arzika. "Zaka ka ji abin da kunka yi man, kai da Baba!"

Ya kunna kaset ɗin. Muryar mawaƙi ta fito siririya kamar daga cikin gwangwani. Ya murɗa bes har ƙarshe, ya ƙara sauti. Da aka doki ganga sai muka ji "ɓarrr, ɓarrr", kamar an ɗaure tsohon bunsuru mai mura a bayan kujera.

"Jiya wata tsohuwa ta Dandin Mahe tac ce in tsaya ta sauka," in ji shi. "Wai ita ba ta zama gaba da dabba. Nic ce Inna kiɗi na. Tac ce to a ba shi ruwa, shina jin ƙishirwa!"

Benci ya kwashe da dariya. Sarkin tasha ya juyo ya dube ni, ya ce, "To Mani, mi ad damuwa? Waya ko katako?"

A nan ne na yi abin. Ban buɗe komai ba, ban duba komai ba. Ido ya yi mini yawa, kuma ina saurayi mai jin kansa, wanda ya koyi aiki a birni. Na leƙa bayan kujera, na ƙwanƙwasa akwatin da yatsa kamar wani likita, na ce, "Alhaji, wayata lahiya lau take. Wanga ba akwatin lasihika ba na, akurkin kaji na."

Dariyar da aka yi ta fi ta farko. Wani ɗan lodi ya yi cara irin ta zakara. Baba Altine bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Mani, ka gwada wayarka?"

Na ce, "Na gwada, Baba."

Ya ce, "To, madalla." Ya tashi ya tafi.

Kafin azahar sarkin tasha ya aika masa cewa a dakata da sauran akwatunan. Alhali dattijon ya riga ya gama su, har ya shafe su da fenti. Kafin mako ya zagayo, duk tasha Baba Akurki ake kiransa a bayan ido, wasu marasa kunya ma a gaban ido.

Ni kuwa na ce wa Arzika ya bar mini motar yini ɗaya in gyara ɓarnar kafinta. Na fito da akwatin na yi masa duk dabarun da muke yi a lokacin ba tare da sayen sabon abu ba. Zan faɗe su don har yau suna aiki. Na yanko tsohon tib na taya wajen masu faci, na yi zobe na sa tsakanin bakin lasifika da katako don kada ƙarfe ya riƙa dukan itace. Na ɗaure kowane noti. Na cusa audugar rimi a ciki daidai, ba a danƙare ba. Na dafa ƙaro zan toshe kafofin iska, sai na rasa kafar da zan toshe, domin dattijon ya haɗa katakon nan kamar da shi aka halicce shi. Na goge kan kaset da auduga, na kankare tsatsar inda wayar ƙasa ke kama jikin mota. Na kunna. Bunsuru na nan da ransa.

Sai a lokacin na miƙa hannu na ɗauki batirin tocila. Na taɓa wayoyin. Takardar dama ta turo waje, ta hagu ta shige ciki.

Na zauna a ƙasa. Na juya waya ɗaya ke nan. Lasifika biyu a akwati ɗaya, wannan na turawa wannan na ja, kamar mutum biyu na tura mota ɗaya daga gaba ɗaya daga baya. Kaurin sautin sai ya cinye kansa, iskar cikin akwatin ba ta tokare komai, takardun suna ta kaɗawa a banza. Shi kuma Arzika da bai ji bes ba sai ya murɗa har ƙarshe, ƙaramin kaset ya kasa ɗauka, sauti ya tsage. Na zafafa ƙarfen dalma, na musanya wayoyi biyu. Da na kunna, sai da masu faci suka bar aikinsu suka zo. Ganga ta fito cike, a zagaye, kana jin ta a cikinka, ko rabin sauti ban kai ba.

In da a nan na tashi na tafi bayan tasha na faɗi gaskiya, da labarin bai kai a rubuta ba. Amma da Arzika ya zo yana tsalle yana cewa, "Mani, mi kay yi mai?" sai na ce, "Akwatin na gyara." Na nuna masa tib da audugar rimi. Ban ce uffan a kan waya ba. Laifin farko gaggawa ce da tsoron kunya. Na biyun nan da idona buɗe na yi shi.

Aka yi kamar mako uku ina cin suna. Motar Arzika ta zama ita ce ke fara cika. Amma na daina bi ta bayan tasha. In zan je masallaci sai in zagaya ta wajen masu nama, har wani mahauci ya tambaye ni ko tsire nake yi wa sintiri.

Duk ranar kasuwar Shagari nakan ɗauki jakar kayan aikina in je can in yi gyara a inuwar wani tela. Ranar nan na shiga gaban motar Arzika na zauna, sai na ji ana cewa a matsa wa dattijo. Na ɗaga kai, Baba Altine ne. A baya an ɗora masa akwatuna huɗu, ya toshe ramukansu da falle-fallen katako, zai kai su Shagari ko teloli ko malaman allo za su saya su zuba zare ko littattafai.

Arzika ya ce, "Baba, ba biyar ba ne? Ina guda?"

Ya ce, "Tsohuwa mai ɗakina ta ɗauke. Tac ce tunda duk gari sun ce akurki na, bari a gani. Kaza ta yi ƙwai shida ciki."

Arzika ya yi dariya har ya kusa taka ɗan akuya. Muka hau hanya, damina ta yi kyau, gero ya yi tsayi dama da hagu. Arzika ya kunna kiɗa. Sautin yana fitowa daga bayan Baba Altine daidai, daga akwatin da ya yi da hannunsa. Na ga ya mayar da hannu baya ya dafa katakon, ya daɗe yana jin yadda yake motsi.

Can ya juyo ya ce, "Mani, Allah shi yi ma albarka, ka gyara aikin ƙwarai. Alfarma ɗaya nike roƙo. Hwaɗa man inda nib ɓata. Sau ukku nig gwada wanga katako kahin in yanka, kuma kullum ina tunani ban gano ba. Kai ka yi karatun abin a birni. In ka nuna man, sai in gyara na gaba, in akwai na gaba."

Da zagina ya yi, da na samu abin riƙewa. Amma mutumin da ya girmi ubana yana roƙona in koya masa gyaran laifin da bai yi ba. Na ce, "Baba, iska ce... wato audugar..." Ya ce, "Awo, audugar," yana gyaɗa kai kamar ɗalibi. Daga nan har Shagari ban sake magana ba. Arzika ya ce ko tsohuwar nan ta Dandin Mahe ta fi ni hira.

A kasuwa na kasa aiki. Wani ya kawo rediyo na sa masa batir a juye. Daga inda nake ina hango Baba Altine zaune a rana da akwatunansa, mutane na ɗagawa suna tambayar me ya sa aka yi musu faci a ciki. Da la'asar na je na ce, "Baba, kada ka sayar ko guda. Mu koma da su." Ya dube ni ya ce, "Ai dama ba wanda yat taya."

Washegari da safe na sa Arzika ya kawo motarsa gaban teburin mai shayi, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Na roƙi sarkin tasha ya tsaya. Baba Altine bai zo ba, tun ranar akurki ya daina shan shayi a nan. Na fito da akwatin na kwantar a benci, lasifikun suna kallon sama. Na karɓi ɗan gero wajen wani fasinja na barbaɗa a kan takardun biyu. Na taɓa batir, geron ya yi tsalle tare. Na ce, "Haka ya kamata." Sannan na juya waya ɗaya kamar yadda na yi ran farko, na taɓa. Na dama ya yi sama, na hagu ya nutse. Na mayar da akwatin mota a haka na kunna kiɗa, na murɗa bes.

"Ɓarrr, ɓarrr."

Arzika ya dafe kai ya ce, "La ilaha! Bunsuruna ya dawo!"

Na ce, "Alhaji, ga tib ɗina a ciki, ga audugata a ciki, ga bunsuru. Ba katako ba na, ni na. Ban gwada ba nic ce na gwada. Da nig gano kuma sai nib ɓoye."

Sai mai shayi ya ce, "To ashe zakaran na nan tare da mu." Aka fashe. Ɗan lodin nan ya sake yin cara, wannan karon a kunnena. Sarkin tasha bai yi dariya ba sai da ya gama shayinsa. Ya ce, "Ka yi wauta, Mani, amma ka zo da ƙahwarka. A je a hwaɗa wa Altine motoci biyar na jiran akwati. Kai za ka ja wayar, kuma gaban kowa za ka yi wanga wasan gero kowace mota." Arzika ya ce sai dai huɗu, ta biyar sai an nemi izinin kaza. Tun daga ranar sunan ya tashi daga kan dattijo ya sauka a kaina. Har yau akwai tsofaffin direbobi a Bodinga da ba su san Mani Rediyo ba, sai ka ce Mani Akurki.

Abin da na koya ba mai wuya ba ne. In mota ta zo muku tana ɓarɓarar bes, kada ku fara cewa a sayi sabuwar lasifika. Ku gwada waya da batir, ku ɗaure noti, ku sa roba, ku toshe iska, ku gyara wayar ƙasa, sannan ku ce wa direba ya daina murɗa abu har ƙarshe. Yawancin ciwon a nan yake ƙarewa. Darasi na biyu kuma shi ne, aikinmu ba ya fita daga hannu ɗaya. Akwai kafinta, akwai mai faci, akwai mai waya, kuma in abu ya lalace, wanda ya fi iya baki shi ke tsira, ba wanda ya fi iya aiki ba. Ni na fi Baba Altine baki, shi ke nan abin da na fi shi. Mun yi shekaru bayan haka muna aiki tare, shi katako ni waya, bai taɓa tayar mini da maganar ba, sai dai duk akwatin da ya aiko mini nakan tarar da batirin tocila ɗaya a ciki.

Amma a safiyar wasan geron nan ban san haka za ta kasance ba. Faɗa wa tasha ya fi sauƙi, don tasha dariya take yi. Na hana ɗan aike tafiya, na ce ni zan kai saƙon. Na bi ta bayan tasha, hanyar da na yi mako uku ina gudu. Na same shi zaune yana wasa bakin zarto, akwatunan huɗu a jere a bayansa. Na cire takalmina a bakin rumfa, na durƙusa a cikin garin katako, na ce:

"Baba, ka tambaye ni inda kab ɓata. Ba ka ɓata ko'ina ba. Ni nij juya waya, nic ce na gwada ban gwada ba, nis sa anka yi ma dariya, kuma da nig gane sai niy yi shiru ina cin yabon aikinka. Na hwaɗa wa tasha duka yau da sahe, amma kai niy yi wa, ba tasha ba. Don Allah, Baba, ka yahe man."